Darasi na Tara: Yadda Ake Fitar da Tabon Shayi daga Kantar Girki ta Mota Mai Ɗaki

A ƙasashen Turai da Amurka akwai wata irin babbar mota wadda aka ƙera cikinta kamar ɗaki, da gado da ɗan makewayi da wurin girki, iyali sukan shiga su yi tafiyar hutu suna kwana a cikinta. A Ingila, inda mutane ba sa rabuwa da shayi, babu abin da ya fi ɓata kantar girkin irin wannan mota kamar zoben da gindin kofi yake bari, ko shayin da ya fantsama a lokacin da motar ta faɗa gargada. Wataƙila mai karatu bai taɓa shiga irin wannan mota ba, amma abin da aka lulluɓe kantar da shi ba baƙo ba ne a wurinmu, domin shi ne Formica, wanda kafintoci suke kira fomaika, suke kuma manna shi a kan teburin mai shayi da kabad ɗin amarya. Saboda haka duk abin da za a koya a nan zai yi amfani a gida da rumfa.

Wajibi ne a fara sanin yadda kantar take kafin a kai mata hannu. Masu ƙera waɗannan motoci suna gudun nauyi ƙwarai, domin a yawancin ƙasashen Turai lasisin tuƙi na ƙaramar mota bai yarda mutum ya ja abin da ya wuce kilo 3,500 ba, don haka ba sa amfani da dutse ko katako mai kauri, sai falle-fallen katako marar nauyi da aka rufe da fomaika. Ita kuwa fomaika, wadda aka kafa kamfaninta a birnin Cincinnati na Amurka a shekarar 1913, ba komai ba ce illa takardu da aka jiƙa da wani irin ƙaro, aka danne su da zafi har suka zama abu ɗaya. Launi da zanen da ido yake gani suna kan takardar sama, abin da yake kare su kuma wata 'yar fata ce mai sheƙi wadda ba ta kai kaurin farce ba. Idan wannan fatar ta kankare, babu mai iya mayar da ita.

Shayi yana ɗauke da wani sinadari da ake kira tanin, shi ne yake sa baki ya yi bauri idan ganye ya daɗe a wuta, kuma shi ne yake mayar da cikin butar shayi ja. Goro ma yana da shi, shi ya sa yake rina haƙora. Muddin shayin bai bushe ba, tsumma mai laima ya isa ya ɗauke shi, amma idan ya kwana, ruwan ya tafi ya bar tanin manne a cikin ƙananan kwarmin da ke jikin kantar.

Mataki na farko shi ne ruwan ɗumi da ɗigon sabulun wanke-wanke. A jiƙa tsumma mai laushi, a matse shi sosai, a shimfiɗa shi a kan tabon na kamar minti 5 domin ya jiƙa, sannan a goge a hankali. Sau da yawa aikin yakan ƙare a nan. Dalilin da ya sa aka ce a matse tsumman shi ne, ruwa yana bi ta gefen kanta da bakin wurin wanke-wanke ya shiga cikin katakon, katakon ya kumbura, fomaikar ta ɗago, kuma wannan ɓarna ta fi tabon shayi muni nesa ba kusa ba.

Idan har yanzu da sauran inuwar tabon, sai a koma ga bekin soda, wato farin garin nan da ake sayarwa a shagon kayan haɗa kek. A lura, ba ɗaya yake da bekin foda ba, ko da yake sun yi kama a ido. A zuba cokali 3 na garin a murfin kwano, a ɗiga cokali 1 na ruwa, a dama har ya yi kauri kamar man goge baki, sannan a shafa shi ya rufe tabon duka. A nan ne ake bukatar haƙuri. A bar shi ya yi minti 5 zuwa 10, kuma mai lura zai ga farin kwaɓin ya soma sauya launi daga gefe, yana komawa ruwan ƙasa-ƙasa, alamar yana janye tanin ɗin ke nan. Daga nan a ɗora tsumma mai laima a kwashe shi ba tare da dirzawa ba, a sake gogewa da ruwa mai tsabta, a tsane wurin da busasshen ƙyalle. Tsohon tabo yakan bukaci a maimaita sau biyu ko sau uku, kuma maimaitawar ta fi a ƙara ƙarfin hannu. Wanda ba shi da bekin soda yana iya gauraya ruwan khal ko ruwan lemun tsami da ruwa daidai wa daida, ya shafa, ya ɗauraye bayan 'yan mintuna, amma kada ya yi haka a kan kantar dutse irin marmara, domin tsami yana cinye ta.

Kuskuren da ya fi yawa a wurinmu ya samo asali ne daga wankin tukunya. Hannun da ya saba da toka da yashi da soson ƙarfe, da ya ga tabo sai ya kai ga dirza, kuma lalle tabon zai fita nan take, sai dai zai tafi da sheƙin wurin. Bayan kwana biyu za a ga wani dusasshen fili a tsakiyar kantar, wanda yanzu ya fi ko'ina saurin kama shayi, tunda an buɗe masa dubban ƙananan zane da zai maƙale a ciki. A ganina, zoben shayi mai ɗan duhu ya fi wannan kyan gani.

Bilic, irin su Hypo ko Jik, shi ne makamin ƙarshe, kuma a kan farar kanta kawai ya dace a yi tunaninsa. A sirka shi da ruwa mai yawa, a fara gwadawa a wani lungu da ido ba ya kaiwa, kada a bar shi ya wuce minti 1 ko 2, sannan a ɗauraye sosai. Ko kusa kada a haɗa bilic da ruwan khal ko lemun tsami, domin haɗuwarsu tana fitar da iskar kulorin mai ƙona huhu, kuma cikin mota wuri ne matsattse wanda iska ba ta zagayawa, don haka a buɗe ƙofa da tagogi kafin a buɗe kwalbar.

Akwai kuma wani zobe da ake ɗauka tabon shayi ne alhali ƙuna ce, wato inda aka sauke buta kai tsaye daga kan wuta. Ana gane shi idan aka shafa da yatsa aka ji kaushi ko ɗan kumburi. Babu sabulun da zai fitar da wannan, sai dai a rufe shi da faifai ko a kira kafinta ya sauya fallen.

Aikin gida: kowane ɗalibi ya ɗiga shayi a kan guntun fomaika daga shagon kafinta, ya bar shi ya kwana, ya gwada kwaɓin bekin soda a kai, sannan ya rubuta jimloli uku a littafinsa game da minti nawa ya jira da kuma sau nawa ya maimaita kafin tabon ya fita.