Sabon zuwa New York: kakar zaɓen majalisar jiha da takardar da ba za ka sa wa hannu ba

Juma'ar da ta wuce, bayan an sallame, wani yaro da bai cika wata takwas da sauka ba ya zaro wani ɗan kati daga walat ɗinsa yana nuna mini, bakinsa har kunne. Wai hukumar zaɓe ce ta aiko masa, shi ma zai zaɓi ɗan majalisa. Na ce masa, "Ƙanena, yaushe ka yi rantsuwar zama ɗan ƙasa?" Ya ce ai yana da girin kad, wato katin izinin zama na dindindin. Sai da na nemi wuri na zauna. Shi ne na huɗu da na gani da irin wannan kati, kuma na farkon su ni ne.

Katin jirgi, rigar sanyi, layin waya, inda ake sayar da naman halal da garin tuwo, duk wannan duk wanda ka tara a ƙofar masallaci a Bronx zai nuna maka cikin yini ɗaya. Ba shi ya sa na ɗauki alƙalami ba.

Ka fara sanin abin da ake zaɓa. A Najeriya majalisar dokokin jiha zaure ɗaya ce, amma a Amurka kowace jiha tana da zaure biyu, in ban da Nebraska. A jihar New York akwai majalisar dattawa mai kujeru 63, da ta wakilai mai kujeru 150, wadda ake kira Assembly. Zamansu a Albany yake, ba a birnin New York ba. Wa'adinsu shekara biyu ne kacal, don haka duk shekarar da lambarta ta rabu biyu daidai ana zaɓensu: fid da gwani a watan Yuni, babban zaɓe ranar Talata a farkon Nuwamba. Shugaban zauren wakilan tun 2015, Carl Heastie, daga nan Bronx yake.

Mutanenmu sun fi son hirar Washington da shugaban ƙasa, alhali mutanen Albany ne ke taɓa aljihunka kai tsaye. Su ne a 2019 suka yi dokar da ta hana mai gidan haya karɓar kuɗin ajiya fiye da na wata ɗaya, ta kuma hana shi cajin ka fiye da dala 20 don binciken da ake yi wa mai neman haya. Lokacin da na zo, na wata uku na zube kafin a miƙa mini makulli, na kuma yi godiya. A shekarar dai suka yi dokar da ta ba kowa damar neman lasisin tuƙi ko da takardun zamansa ba su cika ba. Direbobinmu da masu kai saƙo sun san abin da wannan ya canza.

To, ga inda ramin yake.

Shekarata ta biyu ce, kuma ta zo daidai da kakar zaɓe. Na fito daga tashar jirgi a Fordham Road bayan aikin dare, idanuna kamar an zuba barkono. Wata budurwa mai fara'a ta tare ni da allon takardu, ta tambaye ni ko a unguwar nake, ko ina son a rage tsadar haya. Wa zai ce a'a? Ta karɓi suna da adireshi da ranar haihuwa, ta nuna mini inda zan sa hannu, na sa. Turancin da na zo da shi daga gida ya isa in karanta wannan fom tsaf. Gajiya da kunyar in tsayar da ita ne suka hana ni. A can saman fom ɗin akwai tambaya ɗaya, ko kai ɗan ƙasar Amurka ne, da gurbin e da na a'a. Har gobe ba na tuna na taɓa wannan gurbi. Bayan 'yan makonni kati ya iso ta gidan waya, na ɗauka shaida ce ta cewa ƙasar ta karɓe ni. Har hotonsa na aika gida.

Ranar zaɓe na yi niyyar zuwa. Abokin aikina ya kwanta rashin lafiya, aka ce in tsaya a madadinsa, na yini ina ƙunƙuni. Wannan zazzaɓin nasa shi ne sanadin da har yau nake ƙasar nan.

Ban san na taka sawun ɓarawo ba sai da na cika shekara biyar da girin kad, na zauna cike fom ɗin neman zama ɗan ƙasa, wanda ake kira N-400. Ga tambayoyin a jere: ka taɓa cewa kai ɗan Amurka ne, a rubuce ko ta wata hanya? Ka taɓa yin rajistar zaɓe ko jefa ƙuri'a a zaɓen tarayya, na jiha ko na gari? Wani dattijo da nake girmamawa ya ce in amsa a'a kawai, wa zai bincika. Da na bi shawararsa da na ƙara ƙarya a kan kuskure, ƙarya kuma a ƙarƙashin rantsuwa, domin rajistar masu zaɓe ba abin ɓoye ba ce. Lauyar shige da fice da na samu ce ta zaunar da ni ta yi mini bayanin dokar 1996: wanda ba ɗan ƙasa ba, in ya yi iƙirarin zama ɗan ƙasa ko ya jefa ƙuri'a ba bisa ƙa'ida ba, ana iya hana shi zama ɗan ƙasa, ana iya ƙwace girin kad ɗin, a maida shi inda ya fito. Shekarunka na biyan haraji da 'ya'yan da ka haifa a nan ba su goge wannan sa hannu.

Daga nan aka fara zarya. Na rubuta takarda a cire sunana daga rajista. Na nemi kwafin fom ɗin na asali, na nemi shaidar cewa ban taɓa jefa ƙuri'a ba ko sau ɗaya. Na rubuta yadda abin ya faru dalla-dalla, na yi rantsuwa a kai. Lauya ta ce kada in miƙa komai sai duk sun haɗu, kada kuma in bar ƙasar. A tsakanin nan aka yi auren ƙanwata, ta waya na ji ɗaurin auren. Kuɗin da nake tarawa don Hajji suka tafi wurin lauya. Ranar ganawa, an fi daɗewa a kan wannan fom ɗaya fiye da duk sauran tambayoyin a haɗe. Allah Ya fid da ni, amma kada kowa ya ɗauki labarina ya zama ma'auni, domin ni ban jefa ƙuri'a ba, kuma kowane fayil da yadda ake duba shi.

Abin da ke ƙara rikita sababbin zuwa shi ne labarin da ke yawo a WhatsApp cewa a New York masu girin kad suna zaɓe. Majalisar birni ta taɓa yin irin wannan doka a ƙarshen 2021, amma don zaɓukan gari kaɗai, ba ta taɓa shafar majalisar jiha ba. Ba a kuma taɓa aiki da ita ba, kotun ƙoli ta jihar ta soke ta a Maris 2025. Duk wanda ya turo maka wannan saƙo, ka tura masa wannan amsa.

Ba a bakin titi kaɗai tarkon yake ba. Fom ɗin lasisin tuƙi yana da sashen rajistar zaɓe, haka wasu fom na neman tallafi. Ka karanta a tsanake, ko ka tafi da wanda zai karanta maka. Kafin fid da gwani kuma za ka ga masu tara sa hannu don sunan ɗan takara ya hau takardar ƙuri'a, wannan na masu rajista a jam'iyyar ne, ba naka ba. Wasiƙar kotu mai neman masu taya alƙali sauraron shari'a tana iya zuwa maka, kada ka jefar da ita, ka amsa cewa kai ba ɗan ƙasa ba ne. Batun kuɗi ma, mu da son karo-karo: mai girin kad yana iya ba ɗan takara gudummawa, marar shi ba ya iyawa, kuma ba da kuɗinka a saka da sunan wani laifi ne a kanku ku biyu.

Kada wannan ya sa ka ɗauka ba ka da rabo a wurin ɗan majalisa. Ana yanka mazaɓu ne bisa yawan mazauna, har da kai da ba ka zaɓe, kuma kowane ɗan majalisa yana da ofis a cikin unguwa. Mai gida ya hana ka ɗumi a tsakiyar Janairu, ko ka tashi daga gidan ya riƙe kuɗin ajiyarka bayan kwana 14 ɗin da doka ta ba shi, ka shiga ofishin da takardar hayarka da hotuna. Ba sai ka zo da ɗan rakiya ko ka san wani ba. Na ga wata baiwar Allah 'yar Agadez, ba ta jin Turanci sai ɗanta ɗan sakandare ya fassara, kiran waya biyu daga wannan ofis ya sa aka gyara mata tukunyar ɗumin gini.

Ku kuma yayyena da iyayena da kuka riga kuka yi rantsuwa, da ku nake yanzu, kuma raina a ɗan ɓace yake. A Bronx jam'iyyar Democrat ce ke cin kusan kowace kujera, saboda haka zaɓen gaskiya shi ne na Yuni, kuma ba ka shiga shi sai ka yi rajista a jam'iyyar. Mu kuwa sai Nuwamba muke sa babbar riga mu fito, bayan an gama rabon. Ɗan Gini ya riga mu: Charles Fall, wanda iyayensa suka zo daga can, ya ci kujerar Staten Island a zauren wakilan jiha a 2018. Zohran Mamdani, haifaffen Kampala, a 2018 ya zama ɗan ƙasa, a 2020 ya ci kujerar Astoria a wannan zaure, daga nan ya zama magajin gari. Mu da muke cika masallatai sahu har kan titi ranar Idi, da 'yan zangon Kumasi da Akara, da 'yan Maraɗi da Damagaram, da Kanawa da Zagezagi, ranar fid da gwani na farko da na jefa ƙuri'a, a ɗakin wasannin wata makarantar firamare, na tsaya kusan rabin awa ina jiran in ga fuskar da na sani. Ma'aikatan zaɓen sun fi masu zaɓen yawa.

Yaron nan kuwa, na karɓi alkawari a wurinsa cewa ba zai je ko kusa da rumfar zaɓe ba. Katin yana hannuna. Ranar Litinin bayan Azahar za mu je wurin lauya, na ce ya zo da ambulan ɗin da aka aiko katin a ciki.