Ku kunna LLDP kafin ku kafa na'urar wifi a ofis

'Yan'uwa masu haɗa intanet a ofisoshin Yamai, kafin ku kafa na'urar watsa wifi irin ta manyan ma'aikatu, ku tabbatar an kunna tsarin da ake kira LLDP a suwic, wato akwatin da ake jona wayoyin intanet, wanda ke ba ta wuta ta waya. Da LLDP ne na'urorin biyu ke sanar da juna sunansu da ƙofar da aka jona su, kuma ta nan na'urar ke neman wat 30 na PoE+, wato tsarin ba da wuta ta wayar intanet. Idan LLDP a kashe yake, wasu suwic sukan tsaya a wat 15.4, sai na'urar ta rage ƙarfinta, a yi ta zargin kamfanin intanet a banza. Tsawon wayar kuwa kada ya wuce mita 100.