Kiwi: kurakuran da aka fi yi, daga shuka har zuwa ci

Kiwi ɗan ƙasar sanyi ne, kuma yawancin asarar da ake yi a kansa daga mance wannan take farawa. Asalinsa daga Sin ne. A 1904 wata malamar makaranta, Isabel Fraser, ta kai irinsa Niyu Zilan, inda aka fitar da nau'in Hayward, koren nan mai gashi-gashi da ya cika kasuwannin duniya. Yau ana noma shi sosai a Sin, Niyu Zilan, Italiya, Girka, Iran da Cile, duk wuraren da hunturu ke kamawa da gaske.

Sai ka ga mutum ya sayi kiwi a babban kanti a Kano ko Abuja, ya ji daɗinsa, ya tara baƙaƙen 'ya'yan cikinsa ya shuka a bayan gida. Zai iya tsira, har ya yi ganye. Amma Hayward na buƙatar ɗaruruwan awoyi na sanyin ƙasa da digiri 7 a ma'aunin Salshiyos a hunturu kafin ya yi fure da kyau, sanyin ɗarinmu kuwa bai kai nan ba. Wahalar banza ce.

Ga 'yan'uwa mazauna Italiya da makamantanta da ke da ɗan fili, kuskuren da ya fi ciwo shi ne dasa tushe ɗaya. Kiwi kamar dabino yake, akwai namiji akwai mace. Mace ce ke 'ya'ya, amma sai da garin furen namiji, ƙudan zuma kuma su ne masu dakon. Mutum ya shekara huɗu yana ban ruwa yana gyaran rumfar da kiwin ke yaɗo a kai, furanni su fito farare gwanin sha'awa, su kaɗe ba ko ɗa guda. Namiji ɗaya na isar mata shida zuwa takwas, da sharaɗin su yi fure lokaci ɗaya. Kuma a sayi dashen da aka yi wa aure a wurin masu renon itatuwa, don wanda ya fito daga iri ba ka sanin jinsinsa sai ranar da ya yi fure.

Ruwa ma ana wuce gona da iri. Yana son danshi, amma saiwarsa ba ta jure kwanciyar ruwa. A ƙasa mai laka a yi masa kunya mai tudu. Wajen datse rassa kuwa, 'ya'yan na fitowa ne a sabon tohon da ya fito daga reshen bara. Wanda ya sare rassan bara duka a hunturu ya sare amfanin bana.

Tsinka ita ce inda gaggawa ke ɓarna. Kiwi ba ya laushi a kan itace kafin lokacin girbi, da tauri ake cire shi, to amma taurin iri biyu ne: na wanda ya ƙosa da na wanda bai ƙosa ba. Wanda aka cire bai ƙosa ba, ko wata nawa ya yi zai yanƙwane ne kawai, tsaminsa na nan. A Niyu Zilan ba a girbin Hayward sai sukarinsa ya kai 6.2 a ma'aunin Brix. Mai lambun gida ya yanka ɗaya ya duba: in 'ya'yan ciki sun yi baƙi ƙirin duka, ya kusa. A Italiya ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba ke nan, kafin jaura ta sauka.

Wannan kalanda na da amfani ga mai saye. Duba ɗan tambarin da ke jikinsa. Daga Disamba zuwa Maris na Italiya da Girka ne sabo. Daga Mayu zuwa Oktoba na Niyu Zilan da Cile.

Sai ajiya. Kiwi na saurin jin iskar etilin da tuffa da ayaba ke fitarwa, ƙanƙanuwa ma ta isa ta sa kwando guda ya yi laushi a 'yan kwanaki. Mai son ya jima, ya sa masu tauri, marasa rauni, cikin leda mai huji a firji, nesa da waɗannan biyun. A ɗakunan sanyi na manoma, kusa da digiri 0, yana kai wata huɗu zuwa shida. Mai son ci da wuri kuma ya juya dabarar: 'yan ƙwaya uku ko huɗu a jakar takarda tare da ayaba ɗaya. In ka danna da babban yatsa ya ɗan lotsa, ya nuna.

Wajen ci, ina takaicin ganin an fere shi da kauri an zubar da rabi. Raba shi biyu ka kwashe da cokali. Fatar ma ana ci in an wanke an goge gashin. Bitamin C ɗinsa ya fi na lemon zaƙi. Kada dai a markaɗa koren da madara ko yogot a ajiye, domin sinadarin aktinidin da ke cikinsa na narkar da furotin, ba a jimawa sai ɗaci. A haɗa a sha nan take. Shi wannan sinadarin ne ke tausasa nama mai tauri: a shafa markaɗaɗɗen kiwi ɗaya a bar shi kamar minti 20 kafin gashi, in ya daɗe fiye da haka naman ya dagargaje.