Kurakuran da sababbin dillalan gidaje suke ta maimaitawa a Kumasi

Yanzu duk saurayin da ya mallaki waya da babur a Aboabo ko Asawase sai ka ji ya ce shi dillalin gidaje ne. Ba na hana kowa neman halalinsa. Abin da ya ishe ni shi ne idan ta kwaɓe, mu tsofaffin hannu ake tarawa a ƙofar masallaci bayan Magariba a ce mu sasanta, kuma kullum maganar ɗaya ce.

Mafi muni shi ne gidan gado. Mutum ya zo da makulli, ya buɗe ɗaki ya ce "na babanmu ne", kai kuma jiki na rawa ka kawo ɗan haya, aka ƙirga kuɗin shekara 2 aka damƙa masa. Ka tambayi su nawa marigayin ya bari? An raba gadon ko har yanzu ana ja? Da yawa daga tsofaffin gidajen Zango na magada ne masu tarin yawa, wani yana Ankara babban birnin Ghana, wata tana aure a Tamale, wani yana Jamus, kuma kowa ya san ɗakinsa ko da bai kwana ciki ba tun yana yaro.

Wannan ya taɓa cin kuɗina da mutuncina. Wata baiwar Allah mai sayar da shinkafa da wake ta kwashi adashinta, na haɗa ta da wani mai makulli, ta biya. Ba ta gama jera kwanoninta ba yayar mutumin ta sauka daga mota ta ce ɗakin rabonta ne. Shi kuwa gogan ya kashe waya, sai labarinsa aka ji a hanyar Libiya. Matar ba ta zage ni ba. Cewa kawai ta yi, "Malam, ni ban san shi ba, kai na sani." Daga aljihuna na biya ta, kaɗan-kaɗan, kuma na daɗe ina kauce wa layin da take kasa abincinta.

Tun daga nan ba na barin a taɓa kuɗi sai na zauna da babban gidan, na kuma gaisa da dattijuwar da ta fi daɗewa a ciki, don mata sun fi sanin wa ke da wane ɗaki. Sai na leƙa wajen liman ko mai unguwa. Idan gidan dangi ne na Tonawa, wato Asante, shugaban dangin nan da suke kira abusuapanin nake nema. A rubuta takarda, a ɗauki lambar Ghana Card ta mai karɓa, a sa shaidu biyu. Kuɗin kuma ta MoMo, wato asusun kuɗi na waya, zai tafi lambar mai gida kai tsaye, ba tawa ba. Wasu abokan sana'a suna cewa na cika tsoro, suna riƙe kuɗin kwana biyu su juya shi. Su suka sani. Ku dai tuna dokar haya ta 1963 wata 6 ta yarda a karɓa a gaba. Kowa ya san masu gidaje shekara ɗaya ko biyu suke nema, amma ranar da aka je ofishin Rent Control mai sasanta rikicin haya, kai da ka tsaya a tsakiya ba ka da bakin magana.

In fili ne, abin ya fi haka zafi. Yawancin ƙasar Kumasi ta kujerun sarauta ce, wato tana hannun sarakunan gargajiya, haya ce mai dogon wa'adi ake bayarwa. Takardar da sarkin gari ya ba da ba ita ce ƙarshe ba, a bi ta sakatariyar filaye ta fadar Manhyia ta sarkin Asante, a yi bincike a Hukumar Filaye. Kuma idan Alhajin da ka kawo ɗan Nijar ne ko Najeriya, gaya masa tun farko cewa tsarin mulkin 1992 shekara 50 ya iyakance wa baƙo hayar fili.

Sai ɓoye aibi. Haba samari! Ka kai magidanci da iyalinsa ɗaki a bakin rafin Aboabo cikin hunturu, ko'ina a bushe, an shafa sabon fenti ya rufe shatin ruwa a bango, ka yi gum. Yuni na zuwa katifarsa ta hau ruwa, kuma a sahu ɗaya za ku yi sallar Juma'a. La'adar nawa ce? Ni faɗa nake yi tun a ƙofa: ruwa yana shiga, babu banɗaki sai na haya, mitar wuta ɗaya ce ta ɗaki takwas kuma ana rigima a kanta. Wani ya juya ya tafi, wani ya ce a rage kuɗi ya zauna, amma babu wanda zai biyo ni gida.

Ƙananan kuma: kada ka karɓi kuɗin dubawa a kan ɗakin da ka san an riga an bayar. Ka faɗi la'adarka kafin a hau babur. Daina tura hoton wani gida a WhatsApp kana nuna wani. Ka ɗauki waya bayan an biya ka, ko da ƙorafi ne. Kuma dokar 2020 ta ce dillalin gidaje sai da lasisi, je ka nemi naka.

Bakinka ma ka kama shi. Matar da ta zo neman ɗaki ɗaya ita da yara biyu, wataƙila aurenta ne ya mutu. Alhajin da ya ce a sayar da gidansa a asirce, bashi ne ya taso shi. Kai kuma ka zauna wajen mai shayi kana ba da labari don a san kana da manyan mutane. Ni ko matata ba ta sanin gidan wa ke hannuna sai an gama ciniki, kuma idan mace ce za ta duba ɗaki, cewa nake ta zo da ɗan'uwanta ko ƙawarta, mu je da rana.