Yadda ake kare tsohon ginin gwamnati daga gobara: a fara da wayar lantarki

Wanda ya daɗe a Legas ya san labarin ginin NET na Marina, mai hawa 32, da ya kama da wuta a Janairun 1983, da ginin Independence da ya ƙone a 1993 lokacin yana hedikwatar tsaro. A Satumbar 2025 kuma aka yi gobarar Afriland Towers a titin Broad: wuta ta tashi a ɗakin inbata (na'urar da ke ba da lantarki daga batura in an ɗauke wuta) da ke ƙasan ginin, hayaƙi ya cika benaye, aka rasa rayuka har da na ma'aikatan hukumar tara haraji ta tarayya. Ofisoshin gwamnati da dama a Ikoyi, Marina da Obalende an ja musu waya ne a zamanin fanka da tafireta. Yau wayar nan ce ke ɗauke da esi, firij, kwamfutoci da butar dafa shayi a kowane ofis. In kula da irin wannan gini na hannunka, ga yadda za ka jera aikin.

Da farko ka nemo ƙwararren ma'aikacin lantarki mai kyamarar gano zafi. Wannan kyamara tana nuna inda waya ko mahaɗa ta yi zafi fiye da 'yan uwanta, tun kafin a ji ƙauri. A yi zagayen ranar aiki da tsakar rana, lokacin da kowane esi ke kunne. In an yi ranar Asabar gini babu kowa, komai zai fito lafiya lau, an yi asarar kuɗi kawai. A buɗe kowane akwatin rarraba wuta, a tsaya sosai a kan makunnin da ke sauya wuta tsakanin Nepa da janareta, domin shi ke shan wahala kullum. Iskar teku mai gishiri da damshin Legas suna sa mahaɗai tsatsa, mahaɗar da ta yi tsatsa ko ta saki kuwa zafi take yi. Bayan haka a gwada rufin robar wayoyin da na'urar mega, mai auna ko rufin na barin wuta ta zurare. Layin da ya faɗi gwaji a sauya shi, kada a tsaya naɗe shi da salatif.

Inda aka tarar da tsohon fis da wani ya ɗaure da zaren tagulla, a cire a sa bireka. A layukan soket a ƙara na'urar da ke yanke wuta idan ta fara zurarewa, mai miliyamfa 30. Akwai kuma wadda ke gane tartsatsin waya ta katse layin nan take. Tana da tsada, don haka a fara da ɗakin fayiloli. Ni a ganina, in kuɗin bana ba zai wuce abu ɗaya ba, a kashe shi kan gyaran wayar lantarki. Ƙararrawar gobara labari take ba ka bayan wuta ta riga ta kama.

Sai ɗakin inbata. Batirin ruwa yana fitar da iskar haidurojin lokacin caji, na litiyam kuma in ya ɗau zafi kashe shi sai an sha wuya. A ba ɗakin hanyar fitar iska zuwa waje, a sa ƙofar da ke jure wuta, a liƙa na'urar auna zafi mai aika saƙo. Kada ɗakin ya buɗe kai tsaye zuwa matattakala, kada kuma a mai da shi sito.

Yanzu ne lokacin ƙararrawa. A tsohon gini a zaɓi na'urorin jin hayaƙi marasa waya, masu magana da babban allon ƙararrawa ta rediyo. Ba sai an fasa bango ba, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, don tsofaffin silin da yawa na asbestos ne, ƙurarsa na lalata huhu. A tabbatar kowace na'ura tana da adireshinta, yadda allo zai rubuta "hawa na 4, ɗaki na 12", ba kawai ya yi ta kuka ba. A kicin da ɗakin janareta mai jin zafi ake sawa. In aka sa mai jin hayaƙi a can za ta riƙa ƙarar banza, wata rana wani ya gaji ya cire mata batir. Allon kansa ya kasance da batirin da zai riƙe shi aƙalla awa 24 in an ɗauke wuta.

Da dare babu darakta babu injiniya, sai maigadi, kuma sau da yawa ɗan uwanmu ne daga Agege ko Idi-Araba. A sa layin waya a allon, ya riƙa kiran wayar maigadi da ta shugaban tsaro da kansa. A zauna da shi a nuna masa allon da Hausa, a adana masa 767 da 112 a waya, lambobin gaggawa na jihar Legas, a ba shi ikon kiran 'yan kwana-kwana ba tare da jiran izinin oga ba.

Ƙofofin gaggawa da aka garƙame da sarƙa saboda ɓarayi, a sauya musu makullin maganaɗisu da ke sakin kansa da zarar ƙararrawa ta buga. A jera fitilu masu batir a matattakala, da alamu masu haske a duhu, ƙasa-ƙasa kusa da daɓe, tunda hayaƙi sama yake fara cikawa.

Ɗakin fayiloli da ɗakin saba, wato manyan kwamfutocin ajiye bayanai, ba sa son ruwa. Ana kare su da iskar gas irin FM-200, amma sai ɗakin ya rufu ruf take aiki. Kafin a kai ga sayenta, a fara ɗaukar hoton takardun filaye, fansho da shari'a ana ajiye kwafi a wani gini daban.

Tukwanen kashe gobara kuma a manna wa kowacce lambar QR, mai dubawa ya ɗauka da waya duk wata, ranar da sunansa su shiga rajista. A gwada ƙararrawa kowane mako a rana ɗaya sananniya, na'urorin jin hayaƙi kuwa a rubuta musu ranar saye a jiki, domin bayan shekara 10 sauya su ake yi.