Yadda za ka haɗa bayanan shago, sito da banki su zama lissafi guda

Kasuwancin da ya kai shago biyu da sito guda a Legas, lissafinsa ba ya zama wuri ɗaya. Cinikin POS yana wajen Moniepoint ko OPay, tiransfa tana cikin bayanin asusun banki, kayan da tirela ta sauke daga Dawanau suna littafin mai sito a Agege, odar masu gidajen abinci tana WhatsApp, bashi kuwa rabi a takarda, rabi a kan maigida. Kowane littafi daidai yake a inda yake. Amma ka tambaya buhun wake nawa ya rage, nawa kuma ake bin kwastomomi yau, sai an buga waya nan da can, amsar ma ta zo iri biyu.

Ni aikina riƙe wa 'yan kasuwar hatsi lissafi tsakanin Mile 12, Agege da Alaba Rago, kuma da manhajojin haɗa bayanai nake yin sa. Aikin irin wannan manhaja uku ne: ta ɗebo bayanai daga inda suke, ta gyara su su zama tsari ɗaya, ta zuba su a ma'ajiya guda inda za a karanta. Masana suna kiran wannan ETL. Tiyo ce kawai. In ruwan rijiyar gurɓatacce ne, haka zai iso tanki, sai dai ya iso da sauri. Shi ya sa nake roƙon duk wanda ya zo wajena da maganar sayen manhaja ya dakata tukuna, mu fara da biro da takarda.

A takardar nan ka rubuta duk wurin da ake ajiye wani bayani na kasuwancin, wa ke rubutawa, yaushe, kuma ta wace hanya bayanin zai iya fita. Wasu suna fita a fayil ɗin Excel ko CSV, wasu suna da ƙofar da manhaja ke shiga kai tsaye wadda ake kira API, wasu kuwa PDF kaɗai suke bayarwa. Ka guji PDF iya ƙoƙarinka, don an yi shi ne domin ido, ba domin lissafi ba. Ka nemi bankinka ya riƙa ba ka bayanin asusu a Excel.

Daga nan sai magana mai nauyi, wadda ba ta kwamfuta ba ce sam: idan littafi biyu suka saɓa, wanne ne mai magana ta ƙarshe? Shawarata, a kan yawan kaya littafin sito ne, a kan kuɗin da ya shigo bayanin banki ne, a kan farashi kuwa takarda guda wadda maigida kaɗai ke sauyawa. Faɗar haka ba wuya, zartarwa ce aiki. Sau da yawa mai riƙe shagon ƙanin Alhaji ne ko ɗan yayarsa, ya shekara yana rubuta nasa lissafin, yanzu kuma a ce na mai sito ya fi nasa. In ba a bi a hankali ba zai ɗauka zarginsa ake yi. Ni nakan ce wa maigida: "Alhaji, wannan maganar daga bakinka ya kamata ta fito, a gaban kowa, kuma a nuna ba don wani ya yi laifi ba ne." Idan ɗan kwamfuta ne ya sanar, yara za su ci gaba da tsohon littafinsu a ɓoye, kai kuma ka zauna da ma'ajiya mai kyan gani wadda ba wanda ya yarda da ita.

Sai lambobi. Tun ran gini, tun ran zane. Kowane kaya ya samu lamba guda wadda ba ta sauyawa. Yaron shago ɗaya ya rubuta "farin wake", wani "wake fari", kashiya Bayarabiya ta rubuta da Turanci, manhaja kuma ta ɗauke su kaya uku. Ka ba shi lamba kamar WK-01, ka yi ɗan tebur mai nuna duk sunayen da ake rubutawa da lambar da suke komawa. Ma'auni ma haka. A Arewa da buhu aka sayo, a Legas ana sayarwa da buhu, da bokitin fenti, da derika. Ka mayar da komai kilo a cikin ma'ajiya, kuma kada ka karɓi lissafin wani a kan kilo nawa ne a fenti guda. Ka ɗora naka a sikeli, don wake da gero da shinkafa ba nauyinsu ɗaya ba, cikar hannun yara ma ta bambanta.

Kwastoma kuwa lambar wayarsa ta fi sunansa amfani, don masu suna iri ɗaya sun yi yawa a kasuwa. Sai dai lambar ma tana zuwa da fuska uku: wata ta fara da sifili, wata da +234, wata kuma Excel ya cinye mata sifilin farko saboda ya ɗauke ta adadi. Ka zaɓi tsari guda, ni na fi son 234 da lambobi goma a bayansa, ka sa manhaja ta mayar da kowace lamba haka.

To, da wace manhaja za a fara? Ga yawancin masu kasuwanci irin namu, amsar tana cikin kwamfutarsu tuni. Tun daga Excel 2016 akwai Power Query a ciki, kuma cikakkiyar manhajar haɗa bayanai ce, ba ƙarin kuɗi. Ka buɗe folda guda don fayilolin POS, wata don banki, wata don sito. Kullum da yamma a sauke fayil ɗin ranar a jefa cikin foldarsa, ba a taɓa komai a cikinsa. A Excel ka shiga Data, sai Get Data, sai From File, sai From Folder, ka nuna masa foldar. Zai haɗe duk fayilolin su zama tebur guda. Duk gyaran da ka yi, cire layukan banza, sauya sunan ginshiƙi, daidaita lambar waya, yana rubuta shi mataki-mataki, gobe kuma in ka danna Refresh sai ya maimaita su a kan sababbin fayiloli.

Akwai wurare biyu da nake so ka tsaya ka duba da kyau. Na farko, duk tiransfa tsakanin bankuna tana da lambar shaida mai lambobi 30 wadda ake kira Session ID, kuma ita ce mafi ƙarfin hujja a kan kowane biya. Excel kuwa lambobi 15 kaɗai yake riƙewa a adadi, sauran ya mayar da su sifili. Idan ka buɗe CSV kai tsaye ka adana, ka lalata lambar, ba ta dawowa. Ka shigo da ita ta Power Query, ka sa nau'in ginshiƙin ya zama Text kafin komai. Haka za ka yi wa lambar asusu mai lambobi 10 da lambar waya. Na biyu kwanan wata. Mu rana muke fara rubutawa kafin wata, Amurka wata take farawa. 03/04 a wajenmu uku ga Afirilu ne, a kwamfutar da aka saita da tsarin Amurka huɗu ga Maris. Abin takaicin, ranakun da suka wuce 12 ne kaɗai ke nuna kuskure, sauran sai su juye shiru. Ka yi amfani da Using Locale ka zaɓi tsarin Ingila ko na Najeriya.

Babban amfanin duk wannan shi ne gwama ciniki da kuɗi. Da Merge Queries za ka haɗa teburin abin da aka sayar da teburin abin da ya shigo banki, sannan ka zaɓi Left Anti ya fito maka da waɗanda ba su sami abokin zama ba. Wannan ɗan teburin shi ne abin da ya kamata maigida ya fara gani kowace safiya. Kada ka sa ran zai taɓa zama fanko. Mai gidan abinci ta karɓi kaya, ɗanta ne ya tura kuɗin da sunansa. Wani ya biya rabi ta POS rabi ta tiransfa. Kamfanin POS ya cire ladarsa kafin kuɗin ya sauka, sai adadin ya gaza na rasit da 'yan nairori. Cajin nan ka ba shi ginshiƙinsa daban, kada ka bar shi ya narke cikin "ba a gani ba". Sauran kuwa mutum ne zai zauna ya warware, ya rubuta wa ya warware da dalili. Ba na yarda manhaja ta yi hasashe a kan kuɗin mutane. In ba ta tabbata ba, ta ajiye a gefe.

Ga manyan kwastomomi masu karɓar kaya bashi, akwai hanya mai sauƙaƙa wannan wahala ƙwarai. Kamfanonin karɓar biya irin su Paystack da Monnify da Flutterwave suna iya ba kowane kwastoma lambar asusu tasa ta kansa, wadda kuɗin da aka tura mata yake faɗawa asusunka. Ko wa ya tura, an san bashin wa aka biya. A Paystack, sai kasuwancinka yana da rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni, kafin ka samu wannan.

Yaushe za a wuce Excel? Idan fayil ya fara nauyi har Refresh yana cin lokacin sallah guda, ko mutane da yawa suna buƙatar ganin lissafin a tare, ko kuma kana son bayani ya riƙa shigowa da kansa ba sai an sauke fayil ba. Shafin Excel layi 1,048,576 yake ɗauka, amma tun kafin nan za ka gaji. A lokacin sai a buɗe ma'ajiyar bayanai ta gaske, irin PostgreSQL wadda kyauta ce, a sa Airbyte ko makamanciyarta ta riƙa kwaso bayanai tana zubawa, a ɗora Power BI ko Looker Studio a kai don rahoto. Ƙananan ayyuka kuwa, kamar a cike fom ɗin oda ya wuce kai tsaye zuwa manhajar lissafi irin Zoho Books ko QuickBooks, Zapier da Make da n8n suna yi. Odar WhatsApp ma a nan nake kama ta: yaron da ya karɓi saƙon ya cike ɗan fom a wayarsa, ya zaɓi kaya daga jeri maimakon ya rubuta da hannu. Su Informatica da Azure Data Factory da MuleSoft na manyan kamfanoni ne masu ma'aikatan kwamfuta na dindindin, kuma ban ga dalilin da mai shago biyu zai kai kansa can ba.

Da zarar ka shiga harkar API, ka riƙe abu uku. Paystack da kobo yake faɗin adadi, don haka naira 5,000 za ta zo maka 500000, sai ka raba da ɗari. Sanarwar biya tana iya zuwa fiye da sau ɗaya idan sabarka, wato kwamfutar da ke karɓar saƙon, ba ta amsa da wuri ba, saboda haka ka sa lambar shaidar biyan ta zama abin da ba ya maimaituwa a ma'ajiya, in ba haka ba ciniki guda ya zama biyu. Sannan manhajoji da yawa da agogon duniya na UTC suke rubuta lokaci, mu kuwa muna gaba da awa guda. Biyan da aka yi ƙarfe goma sha biyu da rabi na dare zai faɗa lissafin jiya. A kasuwar da motoci ke sauke kaya cikin dare, wannan yana taɓa lissafi sosai.

Kuɗin haya ma a duba shi da idon basira. Yawancin waɗannan manhajoji da dala ake biyansu, kuma gwargwadon yawan aiki: Zapier tana ƙirga ayyukan da ta yi, Fivetran, mai aiki irin na Airbyte, tana ƙirga layukan da suka motsa a wata. Wanda ya ga yadda naira ta faɗi bayan an bar kasuwa ta riƙa yanke darajarta a watan Yunin 2023 ya san kuɗin haya na iya ninkawa ba tare da an ƙara maka komai ba. Airbyte da n8n kana iya ɗora su a sabarka, amma sai ka biya mai kula da su. Na kyauta ma ba tabbas gare shi ba: an daina fitar da Talend Open Studio a watan Janairun 2024, alhali mutane da yawa sun gina aikinsu a kansa. Don haka teburin lambobin kaya da ƙa'idojin gyaranka su kasance a rubuce a wani wuri da ba cikin manhajar ba.

Ranar da aka kunna sabon tsari kada a rufe tsohon littafi. A tafi da su biyu har wata guda ya zagayo, a ƙirga kayan sito da hannu a gwada. A saman kowane rahoto a rubuta lokacin da bayanai suka shigo na ƙarshe, da manyan baƙaƙe, domin wuta na ɗaukewa, intanet na yankewa, kuma rahoton shekaranjiya kamarsa ɗaya da na yau. Idan kwasowa ta gaza, saƙo ya je wayar wani takamaiman mutum.

Abin da ya rage amana ce. Da ka tara sunaye, lambobin waya, asusu da bashin mutane wuri guda, ka tara abin da ɓarawo zai so. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa mai riƙe irin wannan bayani nauyin tsare shi, kuma idan ya fita ta hanyar da za ta iya cutar da masu shi, ana sanar da hukumar kare bayanai ta NDPC cikin awa 72. Mai sito ya ga kaya, ba sai ya ga bashin kowa ba. Manhajar da ke kwaso bayanai a ba ta izinin karantawa kawai, ba na tura kuɗi ba. Duk asusun da aka buɗe na manhaja da na saba a buɗe shi da imel da lambar wayar kasuwancin, ba na ɗan kwamfutar da aka ɗauko ba, ko da ni ne. Kafin ka biya shi kuɗin ƙarshe, ya zaunar da akantanka ya nuna masa yadda ake ƙara sabon kaya a teburin lambobi, da yadda ake fitar da duka bayanan a CSV, sannan akantan ya yi da hannunsa a gabanka.