Yadda Ake Tara Jaruman Roba na Katun, da Yadda Ake Adana Su

Kafin ka kashe ko sisi, tsayar da katun ɗaya da kamfani ɗaya. Mai sayen duk jarumin da ya gani, bayan wata shida zai tarar kantarsa ta zama kasuwar tarkace, wani Batman ya kai tsawon tafin hannu, wani ko ɗan yatsa bai wuce ba. Kowane kamfani da awonsa. Kenner, wanda ya yi kayan katun ɗin Batman da aka fara nunawa a Amurka a 1992, nasa ba su wuce inci 5 ba, kuma gaɓoɓi biyar kawai ke motsi: wuya, kafaɗu biyu, cinyoyi biyu. Toy Biz shi ma inci 5 ya riƙe a jerin X-Men da ya fara a 1991, shekara guda kafin katun ɗin ya fito, haka ma na Spider-Man na 1994. Mattel ya shigo da na Justice League a 2003, kusan inci huɗu da rabi. Na zamani sun fi girma: Marvel Legends na Hasbro inci 6 ne, wato kimanin santimita 15, na McFarlane kuwa inci 7. In aka jera waɗannan biyun wuri ɗaya ba sa dacewa, sai ka ga kamar uba da ɗansa.

Ga mai farawa, jerin Kenner ya fi sauƙin shiga, don an yi su da yawa kuma suna da ƙwari. Sai dai akwai abin lura. Kamfanin ya cika kasuwa da Batman kala-kala, mai ja, mai ruwan lemo, mai fiffike, waɗanda yawancinsu ba su taɓa fitowa a katun ɗin ba. Wanda ake rububi shi ne Combat Belt Batman, domin shi ne mai launin toka da baƙi irin na talabijin. Miyagun labarin, irin su Penguin da Riddler, ba a yi su da yawa kamar jarumin ba, saboda haka kuɗinsu ya fi. Idan kuɗinka kaɗan ne, fara da miyagun, tunda su ne ke wuyar samu. Batman ba ya ƙarewa a kasuwa.

Sai ka yanke shawara ta biyu: a kwali za ka tara, ko a buɗe? Wanda ba a taɓa ɓarewa ba masu sayarwa suna rubuta masa MOC, wato sabo fil a kwalinsa, kuma darajarsa na jikin kwalin ne. Lanƙwasa a kusurwa, tsagewa wajen ramin ratayewa, tabon takardar farashi, ko murfin robar ya fara komawa ruwan ɗorawa, kowanne na rage kuɗi. Na buɗe ya fi araha nesa, amma kullum tambayar ita ce ko kayansa sun cika. Alkyabbar yadi, ɗamara, ɗan makamin da bai kai ashana ba, su ne yara suka fara zubarwa shekaru talatin da suka wuce, har wani lokaci kuɗin makamin ya zarce na jarumin. Nemi hoton bayan kwalin asali a intanet, ka rubuta abin da ya kamata ya zo da shi, ka riƙa dubawa. Wajen farashi kuma kada ka kula da abin da mai kaya ya sa a eBay, kasuwar saye da sayarwa ta intanet. Duba sashen waɗanda aka riga aka sayar, nan gaskiyar kasuwa take.

In kayan yana hannunka, ko daga dilar gwanjo ya fito ko aiko maka aka yi, juya shi ka duba bayan cinya, ƙugu ko tafin ƙafa. Na asali yana da tambarin mai haƙƙin mallaka, DC ko Marvel, da shekara, sau da yawa da sunan kamfani da ƙasar da aka yi shi. Shekarar ta lokacin da aka sassaƙa samfurin ce, don haka wanda aka sake fitarwa a 1995 yana iya ɗauke da 1992. Jabu kuwa rubutunsa a dushe yake ko babu shi sam, fentin ido ya kauce, layin haɗin roba ya yi kaifi, ga warin sinadari mai hawa kai. Yakan ɗan fi na asali ƙanƙanta, saboda daga jikin na asalin aka kwafi samfurin, roba kuma tana tsukewa in ta huce.

Wanki ba wuya. Ruwa mai ɗumi rabin lita, ɗigo biyu ko uku na sabulun wanke kwanuka, da buroshin haƙori mai laushi. Goge a hankali, ɗauraye, ka bar shi ya bushe a inuwa kwana guda, don ruwa na maƙalewa cikin ƙirji. Wanda ke da batir ko takarda manne a jiki kada a tsoma shi, tsumma mai laima ya isa. Fetur, kananzir, tina da ruwan goge farce duk a nisanta su. Ƙirjin yawancin waɗannan kaya robar ABS ce mai tauri, ruwan goge farce yana narka ta nan take, fenti kuma ya bi tsumma.

Gaɓar da ta ƙage ita ce inda aka fi yin asara. Kada ka murɗa da ƙarfi. Ɗan turken da ke cikin gwiwa ko kafaɗa siriri ne, in fenti ya manne shi da ramin, shi zai murɗe ya tsinke. Jerin inci 6 na katun ɗin Batman da DC Collectibles ya fara fitarwa a 2014 ya yi ƙaurin suna a kan haka, musamman rukunan farko. Abin yi shi ne ka tafasa ruwa, ka sauke ya huce na minti biyar zuwa goma har ya sauko wajen digiri 60 zuwa 70, ka tsoma gaɓar na daƙiƙa 40 zuwa 60. Robar PVC ta hannu da ƙafa za ta yi laushi. Riƙe kusa da gaɓar, ka motsa kaɗan kaɗan. In ta ƙi, mayar cikin ruwan, sau uku ma ba laifi. Da wannan dabarar ake miƙe karkatacciyar ƙafa, matsalar da ta addabi na Justice League saboda faɗin ƙirji da siririn idon sawu: a ɗumama, a miƙe, a tsoma cikin ruwan sanyi rabin minti ana riƙe da ita. In ta sake karkacewa bayan mako, nauyin jikin ne, sai a nemo masa ɗan faifan tsayawa mai turke da ke shiga ramin dunduniya.

Idan an riga an karya, sufa gulu ɗigo ɗaya a bakin tsinken sakace ya wadatar, amma gaɓar ta daina motsi ke nan. In ya yi yawa, tururinsa kan bar farin tabo a kewaye.

Zafi da rana su ne manyan abokan gaba, kuma wanda ke zaune inda zafin Afrilu ke haura digiri 40 dole ya fi kowa kula. An haɗa PVC da wani sinadari mai sa ta laushi, zafi yana fito da shi waje, sai ka taɓa hannun jarumin ka ji danƙo. Wanki da sabulu yana ɗauke shi na ɗan lokaci, amma zai dawo in ba a canza wurin ajiya ba. Hasken rana kuma yana kashe ja da shuɗi, ya mayar da fari ruwan ɗorawa, abin da ba ya gyaruwa cikin sauƙi. Kabad mai gilashi a bangon da rana ba ta bugawa ya fi, zai kuma tare ƙurar hunturu. Saman silin, but ɗin mota da shagon kwano duk ba wurin ajiya ba ne.

Waɗanda za a ɓoye, kowanne da ledarsa mai zif, makamansa a wata ƙaramar leda daban, a rubuta suna a jiki. Roba mai laushi in ta daɗe jingine da mai tauri tana cin ta, ta bar gurbi kamar an ɗora wuta. Robar ɗaure kuɗi ma haka take yi, kada a ɗaure makami da ita. Kar a toshe ledar gaba ɗaya, bar ɗan wurin shan iska. Da damina, jefa ƙunshi biyu ko uku na tsakuwar tsotse laima, irin wadda ake samu a kwalin sabon takalmi, cikin kowace roba mai murfi. Masu batir, kamar Cyclops na Toy Biz da idonsa ke kawo wuta, a ware su gefe a riƙa dubawa duk wata uku, domin tsohon batir yana zubar da ruwa ya ci ƙarfen ciki, farin gari a bakin haɗin roba shi ne alamarsa ta farko.